Madogara Gaɓar Hujja Ce: Tsarin Ambato da Manazarta a Mujallar Lissafi

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace a ware lokaci don batun da galibi ake bari sai daren da za a tura maƙala. Batun shi ne yadda ake tsara ambato da jerin manazarta a maƙalar da za a aika wa mujallar lissafi.

Na san a cikinku akwai mai cewa a ransa, ashe don waƙafi da aya aka tara mu? Za mu zo kan waƙafi da aya, amma sai mun fara daga tushe. Abu guda nake so in kafa a yau: a fagen lissafi, madogara gaɓa ce daga cikin gaɓoɓin hujja. In ta gurɓace, hujjar ce ta gurɓace, ko da sauran layukan maƙalar duk daidai suke. Dokokin da mujallu suka shimfiɗa a kan tsarin manazarta daga nan suka tsiro, kuma wanda ya riƙe tushen zai gane dalilin doka ko bai haddace ta ba.

1. Nauyin da madogara take ɗauka

Mu fara da Yuklid, wanda ya yi rubutu kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ƙa'ida ta 47 a littafinsa na ɗaya ita ce wadda kowane ɗan sakandare ya sani da sunan Faitagoras. In ka buɗe fassarar Thomas Heath ta 1908, za ka ga ƙananan lambobi jere a gefen layukan hujjar: I.46 a wurin da aka gina murabba'i a kan gefen alwatika, I.4 a wurin da aka ce alwatika biyu sun yi daidai da juna, I.41 a wurin da aka ce filin wannan ya ninka na wancan. Ɗauke waɗannan lambobi tare da abin da suke nuni gare shi, me ya rage a shafin? Zane da da'awa kawai. Kowace lamba tana gaya wa mai karatu cewa an riga an tabbatar da wannan mataki, ga kuma inda zai je ya gani da idonsa.

Abin da ya sauya daga wancan zamani zuwa yau shi ne nisan wurin da ake tura mai karatu. Maƙalar da Andrew Wiles ya warware matsalar Fermat da ita a 1995 shafi 109 ce, amma ba ita kaɗai ke riƙe da kanta ba. Tana jingine da aikin Kenneth Ribet na 1990, wanda shi ne ya ƙulla matsalar Fermat da hasashen da Wiles ya tunkara. Tana jingine da aikin Langlands da Tunnell da Mazur, da kuma wata maƙalar da Wiles ɗin ya rubuta tare da Richard Taylor, wadda aka buga daf da ita a fitowa ɗaya. Da za a ce sai ya sake tabbatar da duk abin da ya ara daga farko, da bai gama ba har yau. Mai lissafin zamani yana rubuta sabon abin da ya kawo, sauran kuma ya miƙa wa madogara ta ɗauka.

A al'adarmu ta karatu mun saba da isnadi, mun san darajar a ce wane ya ji daga wane. Kamannin a fili yake, amma akwai bambancin da ya kamata mu lura da shi. Malamin hadisi yana auna mai ruwaya, amincinsa da ƙarfin haddarsa, domin ba zai iya komawa ya halarci majalisin da aka yi maganar ba. Mai lissafi kuwa yana iya komawa. Girman sunan Ribet ba ya ƙara wa ƙa'idarsa komai, abin da mai karatu ke buƙata shi ne hanyar da za ta kai shi ga hujjar ya bi ta layi-layi. Wannan kuma shi ne amsar masu cewa ai lissafi ba ya buƙatar jingina da kowa, hujja ita ke tsayar da kanta. Gaskiya ne, hujja ke tsayar da kanta. To amma rabin hujjarka tana cikin littafin wani, kuma in ba ka nuna inda take ba, ka mayar da mai karatu mai karɓar magana saboda ya yarda da kai, abin da kake cewa lissafi ya fi ƙarfinsa.

2. Ambato a cikin matani

Yawancin mujallun lissafi ɗayan salo biyu suke bi. Na farko lamba ce cikin baka mai kusurwa, kamar [7], jerin manazarta kuma a tsara shi bisa haruffan sunayen marubuta. Na biyu haruffa ne da shekara, kamar [Wil95] ga maƙalar Wiles, ko [TW95] ga ta Taylor da Wiles. Kowanne na da amfaninsa. Lamba ba ta cika layi, haruffa kuma suna tuna wa ƙwararre wace maƙala ake nufi ba sai ya juya zuwa shafin ƙarshe ba. Makarantun gaba da digiri da yawa suna ɗora wa kowane sashe salon APA, mai sa suna da shekara cikin baka. In makaranta ta ce haka, ɗalibi ya bi, kundinsa ne. Sai dai ya sani an gina wannan salo ne don fannonin da sabuntar bincike ke da nauyi, inda mai karatu ke son ganin shekara nan take. A wurinmu ƙa'idar da aka tabbatar a 1850 ba ta tsufa ba, shekarar ba ta rage mata komai. Don haka ranar da za a ciro maƙala daga kundin a aika wa mujalla, a buɗe umarninta ga marubuta, a ɗauko fitowarta ta baya-bayan nan, a bi abin da aka gani a ciki.

Amma zaɓen salo ƙaramin abu ne a kan abin da zan faɗa yanzu. Laifin da ya fi yawa, wanda kuma ya fi cutar da mai karatu, shi ne ambaton littafi sukutum. Marubuci ya ce "bisa ga [7]", sai ka duba ka tarar [7] littafin Robin Hartshorne ne na 1977 a kan jiyometirin aljabara, mai kusan shafi 500. Ina aka tura ka? Babi na biyu ko na uku? Ƙa'ida ce ko ɗaya daga cikin tambayoyin gwaji da ke ƙarshen sashe? Mai tantance maƙala, wanda aikin sa-kai yake yi ba biyansa ake ba, zai ɓata yini yana nema, ko kuma ya gaji ya wuce. In ya wuce, wannan mataki na hujjar babu wanda ya duba shi. Daidai shi ne a rubuta [7, babi na II, ƙa'ida 5.17], ko lambar shafi in abin ba shi da lamba.

Akwai kuma ribar da marubucin kansa ke samu, kuma a ganina ta fi ta mai karatu. Ba za ka iya rubuta lambar ƙa'ida ba sai ka buɗe littafin, in kuwa ka buɗe, idonka zai faɗa kan sharuɗɗanta. Ɗauki misalin da duk ɗan aji biyu ya sani: fankishin mai tafiya ba yankewa yana kaiwa ga ƙololuwarsa. Haka mutane ke faɗa da ka. A littafi kuwa akwai sharaɗi, sai a kan tazara mai iyaka wadda ta haɗa da bakinta biyu. Cire bakin, ka ɗauki ɗaya bisa x tsakanin sifili da ɗaya, sai ya yi ta hawa ba tsayawa. Wannan ƙaramin misali ne da ba zai ruɗi kowa a nan ba, amma irinsa ne ke faruwa a matakin bincike, inda sharaɗin ke ɓoye a shafin farko na babi, cikin jimlar da ke cewa daga nan gaba za mu ɗauka abu kaza yana da siffa kaza. Ƙwaƙwalwa tana riƙe sakamako ta zubar da sharaɗi. Shi ya sa nake ba ɗalibai shawara, in ƙa'idar da aka ara ita ce ginshiƙin hujja, a sake rubuta ta a cikin maƙalar da sharuɗɗanta duka, sannan a nuna an cika kowanne.

Kada a manta da bugu. Littafin da aka sake bugawa da gyara, lambobinsa na iya gusawa, ƙa'ida 3.2 ta koma 3.4. Dole a faɗi bugu na nawa aka duba. Matsalar ta kai ga masu Stacks Project, wani ƙaton littafin jiyometirin aljabara a intanet da Johan de Jong ya fara a 2005, wanda ake ƙara masa shafuka kullum, suka ba kowace ƙa'ida tambari na dindindin mai harafi ko lamba huɗu. Babi na iya matsawa, lamba ta sauya, tambarin na nan. Sun yi wannan wahala ne domin sun san abin da ke faruwa da hujja in adireshinta ya ɓata.

3. Abin da ke shiga jerin manazarta

Yanzu ga waƙafi da ayar da aka yi alkawari. Mu ɗauki maƙalar Wiles mu ga yadda take fitowa a salon Ƙungiyar Lissafi ta Amurka. Sunan marubuci, sai taken maƙala da rubutun tsutsa, sai Ann. of Math. (2), sai 141 da kauri, sai 1995 cikin baka, sai fitowa ta 3, sai shafi 443 zuwa 551. Kowane yanki na da aikinsa. Lamba 2 da ke cikin baka tana nufin zubi na biyu na mujallar, domin Annals of Mathematics ta fara a 1884, ta sake ƙirga kundayenta daga ɗaya a 1899. Taƙaita sunan kuma ba a yin sa da ka. Ann. of Math. mujalla ce ta Amurka, Math. Ann. kuwa ta Jamus ce, wato Mathematische Annalen da aka kafa a 1868. Kalmomi biyu ne suka yi musayar wuri, amma wanda ya juya su ya tura mai karatu wata nahiya. Akwai jerin taƙaitattun sunaye da Mathematical Reviews ke fitarwa, shi ake bi.

Bari in ɗan ratse a kan wannan suna, domin ya cancanta. Otto Neugebauer ne ya kafa Zentralblatt für Mathematik a Jamus a 1931, mujallar da ke taƙaita duk abin da aka buga a lissafi. Da siyasar 'yan Nazi ta shiga cikinta har aka fara cire malamai Yahudawa daga hukumar editocinta, sai ya ajiye aikin a 1938, ya koma Amurka, a 1940 kuma Mathematical Reviews ta fara fita a ƙarƙashinsa. Su biyun suna nan har yau a intanet da sunan zbMATH da MathSciNet, kuma kowace maƙala na da lambarta a cikinsu. Fannoni kaɗan ne ke da irin wannan gata. In ka haɗa da lambar DOI, wadda ke farawa da 10 kuma ba ta sauyawa ko mujalla ta sauya gida, babu uzurin da ya rage ga wanda ya rubuta kundi ko shafi ba daidai ba.

Wani zai ce ai manhaja ta ɗauke mana wannan aiki. Lallai ta ɗauke mai yawa. Tun da Donald Knuth ya fito da TeX a 1978, Leslie Lamport ya ɗora LaTeX a kai, Oren Patashnik kuma ya kawo BibTeX a 1985, mai lissafi ba ya buƙatar jera lambobi da hannu. Ka adana bayanan sau ɗaya, ka sauya kalma guda daga amsplain zuwa amsalpha, duk jerin ya sake kama. Ina roƙon duk ɗalibin da har yanzu ke buga [12] da yatsansa ya daina daga yau, domin ranar da mai tantancewa ya ce a ƙara madogara ɗaya a tsakiya, duk lambobin da ke bayanta sun gusa. To amma manhaja tsarawa take yi, ba ta san gaskiya ba. Abin da ka zuba mata shi za ta fitar. Ga misali na kusa: salo da dama a BibTeX suna mayar da manyan haruffan take ƙanana, don haka in ba ka killace harafin farko na Galois ko Hilbert da baka mai lanƙwasa ba, sai sunan mutum ya fito da ƙaramin baƙi. Bayanan da ake kwasowa daga Google Scholar kuma sau da yawa sukan zo ba lambar fitowa, ko da shekarar daftari a madadin ta bugu. Wanda ya kwaso daga zbMATH ko MathSciNet ya fi samun tsafta, amma shi ma sai ya karanta abin da ya fito.

Wasu masu bincike biyu, Simkin da Roychowdhury, sun bi sawun kurakuran bugu a ambaton wata shahararriyar maƙalar kimiyyar fiziks, suka ga kuskure iri ɗaya na maimaituwa daga maƙala zuwa maƙala, wanda ke nuna kwafa ake yi daga jerin wani. A abin da suka buga a 2003 sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 20 cikin 100 ne kawai na masu ambato suka karanta asalin. Ana iya jayayya da adadin, amma wa zai ce bai san ɗabi'ar ba? Yanzu kuma an sami sabon salo, manhajojin hira da ke ƙirƙiro maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba, da sunan marubuci na gaske, da mujalla ta gaske, da kundi da shafi. Maganin tsohuwar cutar da sabuwar ɗaya ne, kada ka sa a jerinka abin da ba ka buɗe ba.

4. Abin da ba a buga ba

A nan ne nake so mu daɗe, domin a nan ne aka fi yin asara. A 1983 Daniel Gorenstein ya sanar cewa an kammala rarrabe sassauƙan rukunai masu iyaka, aikin da ya ci gomman shekaru, ya bazu a ɗaruruwan maƙaloli. Sai dai wani aji guda na waɗannan rukunai yana jingine da dogon daftarin Geoffrey Mason, wanda ba a buga ba. Ana ambatonsa, ana gini a kansa, kaɗan ne suka karanta shi. Da aka duba da kyau, sai aka tarar bai kammalu ba. Ramin bai cike ba sai 2004, lokacin da Michael Aschbacher da Stephen Smith suka fitar da littafi mai juzu'i biyu, shafi sama da 1,200. Ku lissafa da kanku, shekara 21 ana ɗaukar ƙa'ida a matsayin tabbatacciya alhali ɗaya daga cikin ginshiƙanta layi ne a jerin manazarta mai cewa "ba a buga ba". Babu wanda ya yi ƙarya a cikin labarin nan, manyan malamai ne masu gaskiya. Abin da ya faru shi ne madogara ta ɗauki nauyin da ba wanda ya auna ko za ta iya.

Shin darasin shi ne kada a ambaci daftari? A'a, kuma shaidar haka ita ce Grigori Perelman. Hujjarsa ta hasashen Poincaré daftari uku ce da ya ɗora a arXiv tsakanin Nuwamban 2002 da Yulin 2003, bai taɓa aika su ga wata mujalla ba. Duk wanda zai ambace shi dole ya ambaci arXiv, na farkon da lamba math/0211159. Bambancinsa da na Mason shi ne kowa na iya sauko da shi, kuma ƙungiyoyin masana daban-daban sun yi shekaru suna bin sa har suka rubuta cikakken bayaninsa. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, mai karatuna zai iya samun wannan takarda ya duba? In zai iya, ambace ta, ka faɗi a fili cewa daftari ce. In ba zai iya ba, irin su "ana shirya shi" ko "wane ya gaya mini", to ka gode wa mai ita don ladabi, amma ka rubuta hujjar a cikin maƙalarka da izininsa, ko ka bayyana cewa sakamakonka sharaɗi ne a kan nasa.

Abu biyu game da arXiv, wanda Paul Ginsparg ya kafa a 1991. Na ɗaya, daftari na da zubi, v1, v2, v3, kuma marubuci na iya cire ƙa'ida ko ya ƙara mata sharaɗi tsakanin wannan da wancan. In ka dogara da takamaiman layi, rubuta zubin da ka karanta. Na biyu, kafin ka tura maƙalarka ka sake dubawa ko an buga daftarin a mujalla, in an buga ka ambaci bugaggen, ka kuma gyara lambobin ƙa'idodin, don ba lallai su zo ɗaya ba.

Bugawa a mujalla ma ba ta rufe ƙofar kuskure. Wiles ya sanar da sakamakonsa a Kembirij a Yunin 1993, masu tantancewa suka gano giɓi, bai toshe shi ba sai Satumban 1994. Wannan an kama kafin bugu. Akwai wanda ba a kama ba. Mikhail Kapranov da Vladimir Voevodsky sun buga wani sakamako a 1991, Carlos Simpson ya fito da misalin da ke rushe shi a 1998, Voevodsky kuma, wanda ya ci lambar Fields, ya faɗa da bakinsa cewa sai a 2013 ya tabbatar lallai akwai kuskure. Don haka kafin ka ɗora gininka a kan wata maƙala, duba ko an fitar mata da gyara. In akwai, a ambaci gyaran tare da ita, wuri ɗaya.

5. Sunaye da haƙƙin masu su

A lissafi al'ada ita ce a jera marubuta bisa haruffan sunayensu, ba bisa yawan aikin da kowa ya yi ba. Ƙungiyar Lissafi ta Amurka ta fitar da sanarwa a kan haka a 2004, don kwamitocin ƙarin girma su daina ɗaukar na farko a matsayin jagora. Abin da wannan ke jawowa a ambato shi ne, in ka rubuta "wane da sauransu", ka fifita mutum saboda harafin sunansa kawai, ka shafe abokan aikinsa. In su uku ne ko huɗu, faɗi sunayensu duka.

Suna in ya manne wa ƙa'ida ba ya saki. Lissafin da ake kira na Pell, Euler ne ya jingina masa bisa kuskure, alhali Brahmagupta a Indiya ya yi aiki a kansa a shekara ta 628, Bhaskara na biyu kuma ya kawo cikakkiyar hanyar warware shi a 1150. Ba za mu iya sauya sunan yanzu ba, amma za mu iya daina ƙara irinsa. In sakamako na da wanda ya fara kawo shi da kuma littafin da ya fi bayyana shi, ambaci duka biyun, na farko don haƙƙi, na biyu don mai karatu.

Sai rubutun suna. Chebyshev na Rasha yana fitowa da Tchebychef a Faransanci, da Tschebyscheff a Jamusanci. A jerin manazarta ana rubuta shi yadda yake a kan takardar da aka duba, a cikin matani kuma a zaɓi guda a tsaya a kai. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Malamin nan na Katsina, Muhammad bin Muhammad al-Fulani, wanda ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732 ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, nisbarsa tana fitowa da al-Kishnawi a wani wuri, al-Kishwani a wani, al-Katsinawi a wani, mai nema sai ya ɗauka mutum uku ne. Haka ke faruwa da matasanmu a yau. Mai suna uku, nasa da na mahaifi da na gari, ya sa na mahaifi a ƙarshe a maƙalar farko, ya sa na gari a ta biyu, ya rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can. Rumbun bayanai ba zai san mutum ɗaya ba ne, aikinsa ya warwatse. Ku zaɓi siga ɗaya tun daga maƙalar farko, ku buɗe lambar ORCID, kyauta ce, ku riƙa sa ta.

6. Wa za a ambata, kuma in ba a sami takardar ba fa?

Tun da aka fara auna malami da yawan ambato, jerin manazarta ya fara kumbura da abin da ba shi da aiki a hujja. Kun san jimlar, "an yi ayyuka da yawa a wannan fanni, duba [1] zuwa [25]", rabinsu na marubucin ne da abokansa. A 2008 Robert Adler da John Ewing da Peter Taylor sun rubuta wa Tarayyar Lissafi ta Duniya da wasu ƙungiyoyi biyu rahoto, suka nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ambato a lissafi yana faɗawa wajen shekara biyun da ake auna tasirin mujalla da su. A 2023 kuma kamfanin Clarivate ya cire fannin lissafi ɗungurungum daga jerinsa na waɗanda aka fi ambata, saboda yadda ake wasa da alƙaluman. Na san matsin ƙarin girma gaskiya ne, ba na raina shi. Amma editan kirki da kallo ɗaya yake gane jerin da aka cusa wa ciko, kuma daga nan sai ya fara zargin sauran maƙalar. Gwajin mai sauƙi ne, kowace madogara ka iya faɗin aikin da take yi a jimla guda.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne wanda na fi girmamawa: ɗakunan karatunmu ba su da kuɗin rajistar manyan mujallu, ta yaya za a ce sai mun buɗe duk abin da muka ambata? Ƙorafin na da tushe. Sai dai ƙofofin da ke buɗe sun fi yadda ake zato. Tun Janairun 2021 zbMATH ya zama kyauta ga kowa. Numdam na ɗauke da tsofaffin mujallun Faransa, ciki har da wadda aka buga manyan ayyukan Grothendieck. Sababbin maƙaloli da yawa na da daftari a arXiv, marubuta kuma galibi suna turo aikinsu ga wanda ya roƙa da wasiƙa mai ladabi. In duk an gwada ba a samu ba, akwai hanyar gaskiya: ka rubuta cewa sakamakon na wane ne, kamar yadda aka kawo shi a littafi kaza, ƙa'ida kaza, wanda shi ne ka karanta. Babu editan da zai ƙi maƙala saboda wannan, mai karatu kuma ya san daidai inda ka tsaya da inda zai ci gaba da nema.

Mai girma shugaban zama, a nan zan dakata. Akwai abubuwan da na wuce da sauri, kamar ambaton kundin digiri, da littattafan taro, da ayyukan da aka fassara daga Rashanci, kuma zan so mu taɓa su in akwai mai buƙata. Wanda ke da tambaya, ko gyara, ko wata madogara da ta gagare shi tsarawa, bismillah, fili naku ne.